Wasan Shara

Litinin, bayan Azahar

Yau a makaranta, lokacin sharar safe, wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗaga tsintsiya sama ta kwaikwayi muryar mijina: "Sai na share su kakaf!" Sauran suka kwashe da dariya. Na zabga mata mari kafin in yi tunani. Tunda na fara koyarwa a Wurno ban taɓa ɗaga wa ɗiyar wani hannu ba, yau na yi, kuma ban ji nadama ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na zauna ina rubutu. Mu'azu in na fara magana dariya yake yi.

Ranar cika-ciki abin ya faro. Mode ya zo daga rugarsu ta bayan Magarya da ƙwaryar nono da zabuwa, kamar yadda yake yi duk shekara. Inna, uwar mijina, Bafillata ce, ƙanwar uban Mode, don haka shi da Mu'azu taubasai ne. A wasan taubasai ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa. Ranar cika-ciki bawa zai share gaban ubangidansa, a ba shi abin shara, su zagi juna son ransu, su ci abinci kwano ɗaya. Tun suna yara haka suke, babu zagin da ba su yi wa juna ba.

Bana Mu'azu ya ɗauki tsintsiyata a ƙofar gida, ya share wajen ƙafafun Mode, ya miƙe ya ce, "Yau ranas shara ta! Wallahi sai na share Hillani kakaf daga ƙasag ga, ko ɗan maraƙi ba ni bari. A yi shara!" Mode ya rama da abin da ya fi wannan muni. Suka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta jefe su da takalmi.

Bilyaminu mai cajin waya, maƙwabcinmu, ya ɗauka a bidiyo. Ya yanke, ya sa rabin Mu'azu kaɗai, wai shi ya fi ban dariya.

Sai ga abin da 'yan bindigar daji suka yi a ƙauyen nan na wajen Gandi ranar Juma'a. Ba zan rubuta shi ba. Rami ɗaya aka yi musu. Daga ranar babu wayar da muryar mijina ba ta ciki, kuma babu mai dariya in ya kunna ta.

Talata, da hantsi

Samari sun ɗaura tsintsiya a gaban baburansu.

Laraba, bayan La'asar

Mutane sai zuwa suke gaida Mu'azu kamar wanda ya dawo daga Makka. Wani dattijo da ban sani ba ya riƙe masa hannu yana cewa Allah ya ƙara mana masu faɗin gaskiya irinsa. Shi kuma gogan yana ta "a'a wasa na, wasa na," amma ina ganin yadda ƙirjinsa yake buɗewa. Mai noman albasa ne da bai taɓa samun wanda ya saurare shi ba sai teburin mai shayi, yau ga shi ana masa layi.

Da suka watse na tare shi a tsakar gida. Na ce ya fita ya gaya wa duniya Mode ɗan kawunsa ne, uwarsa ma Bafillata ce.

Ya ce, "Wa ab bai sani ba? Wurno duk an san Inna."

Na ce Wurno ta sani, waɗanda suke kunna shi a Goronyo da Rabah fa?

Ya ce, "Mashkura, bakina na. Kakanninmu sun yi wanga wasa, ba wanda yam mutu. Yanzu don wasu mahaukata sun ɗauka sai in ɗinke bakina? Gobe a ce kar in yi atishawa."

Na ce kakanninka ba su yi a gaban waya ba. Ya ce ina da tsoro kamar kaza. Na wurga masa ludayi, ya kauce, ya bugi randa. Ya fita yana dariya. Wallahi da ya tsaya da na fasa masa baki da muciya, ko bakin ya huta.

Alhamis, bayan Asuba

Hayaƙi ta gabas, wajen Magarya. Ba na girki ba ne.

Alhamis, da yamma

Sun ƙona rugar.

Becky ce ta gaya mini. Ita ce ke haya a gidan da ke jikin namu, ma'aikaciyar jinya ce, mutumiyar kudancin Kaduna. Ta shigo da rigar aikinta duk jini, ta roƙi ruwa, ta zauna a kan turmi ta kasa sha. Ta ce an kawo musu wata tsohuwa da sara a kafaɗa har ƙashi, da wani mutum da aka datse wa yatsu yana kare kansa, da yarinya da bukka ta faɗo wa tana ci da wuta. Shanun da suka kasa kora sun sassare musu agara suka bar su suna ja da gwiwa. Ta ce tsohuwar ba ta daina maimaita abin da ta ji suna ihu da shi ba, kalma ɗaya ce, shara, kuma daga ƙofar gidana ta fita.

Mu'azu yana tsaye a bakin zaure yana ji. Ya ce, "Ni ban aiki kowa ba."

Becky ta dube shi ta ce, "Baban Rumaisa, na san ba ka aiki kowa ba. A garinmu ma wanda ya fara magana bai aiki kowa ba. Wasan naku na mutum biyu ne da suka san juna, ɗaya ya faɗa ɗaya ya rama. Da aka cire na biyun, me ya rage?"

Ya ɗauko wayarsa. Ya yi ta kiran lambar Mode, a kashe. Inna ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure, ko tuwo ba ta karɓa ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Sun zo sun tafi da shi. 'Yan sanda huɗu, ba su dake shi ba, ya shiga mota da kansa. Laifin tunzura jama'a, in ji babbansu. Kafin motar ta fita layinmu samari sun taru suna jifanta da duwatsu, suna ihu an kama mai gaskiya. Dutse ya fasa gilashi, wani ya samu Mu'azun da suke karewa a goshi. Na ga jinin yana bin hancinsa. Rumaisa ta ƙanƙame zanena tana kururuwa har ta yi fitsari a tsaye.

Waɗanda suka ƙona rugar suna nan a bakin tasha suna shan shayi.

Asabar, da rana

An ga Mode da iyalinsa wajen Giyawa. Suna da rai. Inna ta sha kunu.

Lahadi, da hantsi

Rediyo tun safe maganarsa ake. Wani ya bugo daga Rabah ya ce ƙasar nan kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, in an fara kama mutane don magana to malamai da mawaƙa su shirya. Wata ta bugo ta ce a ɗaure shi rai da rai, harshensa ya fi adda. Wani ya ce ina aka kama waɗanda suka cika ramin wajen Gandi, sai mai tsintsiya aka iya? Wani kuma ya ce shi Bafillace ne, 'ya'yansa sun daina zuwa makaranta, a gaya masa wane 'yanci ne wannan. Kowa ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya, in na gaba ya fara sai in koma bayansa. A cikinsu duka babu wanda ya ambaci taubashi. Babu wanda ya san akwai mutum zaune a gaban tsintsiyar yana dariya.

Na kashe rediyon da ƙarfi har maɓallin ya fita.

Litinin, bayan La'asar

Na kai masa abinci. An ɗaure masa goshi da tsumma, idonsa ɗaya ya kumbura. Abu na farko da ya tambaya, Mode. Na ce yana Giyawa. Ya sauke numfashi ya ce, "Ɓarawon banza, ya tsere ya bar bawanai cikin wahala." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Ya ce da dare yana jin tsohuwar nan da Becky ta faɗa, alhali bai taɓa jin muryarta ba. Sai kuma ya ce amma shi har gobe bai yarda wasa laifi ne ba. Duk biyun ya faɗa, a numfashi ɗaya.

Lauyan da yayana ya samo mana, Barista Isma'ila, ya ce ba za a ba da beli ba sai an nuna wasa ne. Ko dai Mode ya zo da bakinsa ya shaida, ko a samo bidiyon cikakke. Wa zai ce wa Mode ya biyo hanyar nan yanzu? Kowace mararraba samari sun sa shinge da itace, suna leƙa fuskokin mutane.

Talata, da safe

Na je shagon Bilyaminu. Da ya gan ni ya so ya zille ta baya, na tare ƙofar. Na ce ko ya ba ni cikakken ko in kwashe wayoyin mutane da ke caji in zuba a kwata. Yana rantsuwa yana cewa, "Malama, wallahi don dariya niy yi." Na ce kowa don dariya ya yi, je ka asibiti ka ga masu dariyar.

Ya tura mini. Na kalla a ɗaki ni kaɗai.

Na manta abin da Mode ya faɗa, ko kuma ranar ban ji shi da kunnen yau ba. Yana zaune a kan tabarma, hularsa a karkace, ya nuna Mu'azu da sanda ya ce, "Rufe baki, bawa. Ku duka bayinmu na, Wurno tamu ta. Rad da nig ga dama in taho da mutanena bisa babura, mu kwashe ku har matanku." Daga nan dariya, Mu'azu ya faɗa jikinsa, takalmin Inna ya shigo, su biyu suna rarrafe suna ba ta haƙuri.

Duk wanda ya kalla har ƙarshe zai san 'yan'uwa ne. Na kalla sau da yawa.

Talata, bayan Magariba

Barista ya karɓa. Ya ce wannan zai fitar da Mu'azu, amma alƙali kaɗai zai gani. Ya ce, "Malama, ki riƙe shi kamar garwashi. Wanda ya yanke na farko bai fi wanda zai yanke na biyu wayo ba." Na ce na ji.

Laraba, da Azahar

An kira ni da lambar da ban sani ba. Murya a kwance, ba faɗa. Ya ce, "Ke ce matam mai shara?" Ya faɗi launin ƙofarmu. Ya faɗi islamiyyar da Rumaisa take zuwa, da kalar hijabinta. Ya ce tunda mijina yana son shara, su ma suna da tsintsiya. Ya kashe.

Na ɗauko Rumaisa da kaina ba takalmi a ƙafata. Na kulle gida. Na jawo taɓarya na ajiye a bakin ƙofa, kamar taɓarya za ta yi wani abu.

Laraba, bayan La'asar

Da waɗancan na daji za su ga cikakken, da sun san wasa ne. Da sun ga Mu'azu kwance a jikin ɗan'uwansu yana dariya. Ba su san Inna ba. Ta ina za su sani in ba a nuna musu ba? Kotu sai wani makon. Su kuwa sun san kalar hijabin.

Alhamis, da hantsi

Mutum ɗaya na tura wa. Sharifa, yayata da ke aure a Rabah, mijinta yana da abokan ciniki a cikin Fulani. Na ce mata cikakke, ta ce su kalla har ƙarshe.

Mutum ɗaya.

Juma'a, da yamma

Ba a sake kira ba. Na yi barcin rana.

Asabar, bayan Azahar

Becky ta shigo ba sallama ta miƙo mini wayarta. Babu tsintsiya, babu dariya, babu takalmin Inna. Mode kaɗai, da sanda, yana cewa bayinmu, babura, matanku. An rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe wai ga shugabansu ya fito fili, duk wanda ya san shi ya nuna shi.

Ta ce, "Wa ya fitar da wannan?"

Na ce wanki nake yi. Ta dube ni, ta dubi bokitin da ba ruwa a ciki, ta fita.

Na kira Sharifa na zage ta tas, zagin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Tana kuka tana cewa cikakke ta tura, wallahi cikakke. Na yarda. Cikakke ta tura.

Lahadi

Rediyo ya koma kan Mode. Waɗanda suka ce magana 'yanci ce, yau suna cewa a rataye shi. Waɗanda suka ce a ɗaure Mu'azu, yau sun gano ai wasa ne. Muryoyin nan dai ne, na gane su.

Litinin, bayan Asuba

Mode ya kira, da wayar wani. Ya ji an kama Mu'azu, ya ji lauya yana neman shaida.

"Matar bawa, an tashi lahiya? Ina Goggo? Ki ce mata ina tahe. In je in gaya ma alƙali wanga mahaukaci nawa na, a sako min abina."

Na ce kar ya zo. Na ce bidiyon ya isa, Barista ya riga ya kai. Na ce fuskarsa tana cikin kowace waya daga nan har Goronyo. Ya ce ya ji, an nuna masa.

"Tau mi? Wa ab bai san taubashi ba ƙasag ga? Yaran da ka tsaron hanya, ubanninsu sun sha nonon shanuna. In sun tsai da ni in yi musu bayani. Malama, in ban taho ba yanzu, ya zan kalli Goggo?"

Na yi masa ihu. Na ce Mode don girman Allah. Na so in gaya masa ta hannun wa ya fita, ko zai yi fushi ya fasa. Bakina ya ƙi. Ya ce kuɗin wayar mutane yake ci, ya kashe.

Litinin, da rana

Na kira lambar har mai wayar ya gaji. Ya ce Mode ya hau babur tun ɗazu.

Litinin, La'asar

Bai iso ba.

Talata, da safe

A shingen kusa da Magarya.

Wani mai kabu-kabu da aka tsayar a bayansa ne ya ba Becky labari, shi ya taimaka aka ɗauko gawar. Sun sa shi ya cire rawani. Ɗaya ya kunna waya ya kara a gefen fuskarsa, suna duba wannan suna duba wannan. Bai musa ba. Ya ce shi ne, yana murmushi. Ya ce wasa ne, su tambayi kowa a Wurno. Suka ce wa ka sani a Wurno? Ya ce, "Mu'azu mana, mai shara. Ai bawana na."

Shaidarsa ke nan. Ita ce mafi ƙarfin da yake da ita, ita yake nufin kai wa alƙali. Da akwai tsoho a wurin, da ya gane nan take cewa ɗan kawu ne ke magana. Babu tsoho a wurin.

Mai kabu-kabun ya ce gora ta farko a baki aka sauke masa ita. Sauran ba zan rubuta ba. Becky ta ce da ta wanke fuskar ba ta samu haƙori ko ɗaya a gaba ba.

An sa dokar hana fita. Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ta yaya maganar Mode ta fita, alhali an ce lauya kaɗai ke da ita. Na ce waya ce, Inna, ba ta da amana. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuskarta bango.

Laraba, da Azahar

An ba da beli. Alƙali ya kalla har ƙarshe, Barista ya ce har murmushi ya yi wajen takalmin.

Barista ya kawo shi da motarsa ta bayan gari, titi ba kowa saboda dokar. A zaure ya ja ni gefe ya ce bai gaya masa maganar Mode ba, ya kasa, wannan na iyali ne. Wayarsa kuma tana ofishin 'yan sanda sai gobe.

Mu'azu ya rame. Ya ɗaga Rumaisa sama, ya leƙa ɗakin Inna, ta yi kamar tana barci. Ya ce in ba shi ruwa ya wanke warin wurin nan tukuna. Ya ce ya yi tunani a can, daga yau ba zai ƙara yin wasan a gaban waya ba, a cikin ɗaki za su riƙa yi, shi da mutuminsa, ƙofa a rufe.

Yana banɗaki yanzu. Ina jin moɗa tana bugun bokiti. Ya ɗago murya ta kan katanga:

"Mashkura! Ki aika Giyawa a gaya ma ɓarawon nan bawanai ya hito. Ya taho da zabuwa biyu, ɗaya ta shara ɗaya ta wahala. Kin ji ni?"

Ya sake kira. Ruwan bokitin ya kusa ƙarewa, ina jin ƙarar ƙasansa.